Taswirar Bobiyel: an yi gayya an watse, saura masu yasa

Sanin kowa ne cewa a birnin Yamai ba a neman gida da lamba, da kwatance ake nemansa. Wanda zai je Bobiyel, can arewacin birni cikin gunduma ta ɗaya, sai a ce masa ya sauka daga kwalta daidai gidan mai, ya wuce masallaci, ya ƙirga layi uku, sa'an nan ya tambayi mai shayi. Ranar da mai shayin bai fito ba, ko gidan man ya sake fenti da suna, baƙo ya yi ta yawo cikin rairayi, mai taksi kuma ya ƙara kuɗi. A farkon shekarun 2000 ma'aikatar magajin gari ta liƙa wa tituna alluna masu haruffa da lamba, KK na Kwara Kano, YN na Yantala, PL na Filato, amma da wuya a ji wanda ya yi wa baƙonsa kwatance da su, kuma birnin ya daɗe da zarce inda allunan suka tsaya.

Duk da haka, wanda ya ɗauki wayar hannu ya buɗe OsmAnd ko Organic Maps zai ga layukan Bobiyel a shimfiɗe ɗaya bayan ɗaya, ko da kuɗin intanet ya ƙare, muddin ya riga ya sauke taswirar Nijar cikin wayar. Wasu na zaton gwamnati ce ta zana su, wasu su ce wani kamfanin Amurka ne. Ko ɗaya. Taswirar ta fito ne daga wani aiki da ake kira OpenStreetMap, wanda wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ya fara a shekara ta 2004, don haushin yadda hukumar safiyo ta ƙasarsu ke tsare taswirarta sai wanda ya biya. Ƙa'idar aikin mai sauƙi ce: kowa na iya zanawa, kowa na iya ɗauka, har ɗan kasuwa ya ci riba da ita, da sharaɗin a faɗi inda aka samo, kuma wanda ya ƙara wani abu a kan bayanan ya bar na baya su ma su ɗauka. Manhajar da ke tafiyar da shafin ita ma haka take, rubutunta a fili yake, ba a kulle shi cikin akwatin wani kamfani ba. Irinta ake kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Aikin ya yi suna bayan girgizar ƙasar Haiti ta ranar 12 ga Janairu 2010, lokacin da masu aikin sa kai daga ƙasashe da dama suka zana babban birnin ƙasar cikin ƴan kwanaki domin masu ceto. A shekara ta 2014 aka maimaita a Gekedu ta ƙasar Gini, domin likitocin da ke yaƙi da cutar Ebola. A Nijar, ɗaliban sashen labarin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni suna cikin na farko: a shekara ta 2013 suka soma ɗora garuruwansu na haihuwa a kan taswirar, kuma daga irin wannan yunƙuri ne jama'ar OSM Nijar ta ginu. Yadda ake yi, mutum ya zauna gaban kwamfuta yana bin hoton tauraron ɗan Adam, ya ja layi inda titi yake, ya zana kusurwa huɗu inda gida yake. Bayan haka tilas wani ya taka da ƙafa, waya a hannu, ya ce wannan lakkol ce, wannan farmasi ce, wancan famfo ne, domin daga sama rufin masallaci da rufin mangaza duk kwano ne. Kwafa daga taswirar Google kuwa haramun ce a wurinsu, saboda kayan wani ne.

Amfanin abin ba ya ɓuya ranar wahala. A watan Satumba na 2020, da kogin Isa ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da unguwannin da ke kusa da ita, tambayar farko ta masu rabon agaji ita ce gida nawa ne a wurin, ta ina mota za ta bi, wace lakkol ce ke kan tudu da za a sauke mutane. Bobiyel tana nesa da kogi, amma damina ba ta ƙyale ta ba, kuma mai ɗaukar mace mai naƙuda cikin dare yana bukatar sanin layin da ruwa ke kwanciya da wanda mota za ta iya ratsawa.

To, a nan maganar take. Zanen farko gayya ne, gayya kuwa ba ta rasa mutane. Wani furoje ya kama ɗaki, a tada injin wuta, a buɗe intanet, a raba riguna masu tambari da burodi da lemo, samari da ƴan mata su zauna daga safe zuwa la'asar su zana dubban gidaje, a ɗauki hoto, a watse. Ba laifi ba ne, da haka aka samu layukan. Sai dai duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ranar haƙa rijiya ake kiɗa da guɗa. Ranar yasa mutum biyu ne ko uku cikin taɓo, babu makaɗi, kuma in ba su shiga ba ƴan shekaru sun isa rijiyar ta cike. Taswira ma tana cikewa. Mai kanti ya tashi, farmasi ta koma bakin kwalta, filin da yara ke ƙwallo bara ya zama bene bana, wani mai hali ya ja katanga ya toshe layi. Unguwa irin Bobiyel, inda ma'aikaci da ɗan kasuwa ke gini ɗaki bayan ɗaki gwargwadon yadda kuɗi ya shigo, tana sake kama kowace shekara. Taswirar da ta tsufa ta fi kwatancen mai shayi haɗari, domin shi mai shayi zai ce ai sun tashi tun bara, ita kuwa waya za ta kai mutum har ƙofar da babu kowa, tana mai tabbatar masa ya iso.

Shafin intanet da taswirar ke zaune a kansa shi ma rijiya ce mai son yasa, kuma wannan ɓangare ne ya fi ɓoyuwa. Mai karatu da ya saba taɓa waya shafi ya buɗe yana iya ɗauka abin haka yake tsaye da kansa, kamar dutse. Alhali kuwa sunan shafi haya ne, kamar rumfar kasuwa: ana biya shekara-shekara, ranar da aka manta wani na iya kama shi. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin tana cin wuta dare da rana, tana son sanyi, ana biyan kuɗin wurin da take. Akwai takardar shaidar tsaro mai ƙarewa bayan ƴan watanni, in ba a sabunta ba sai wayar baƙo ta gargaɗe shi kada ya shiga. Akwai toshe kafofin da ɓarayi ke ganowa cikin manhaja, aikin da ba ya ƙarewa, kamar yaɓen katanga bayan kowace damina. Akwai kwafe bayanai a ajiye wani wuri, da share tallan banza da ƴan damfara ke zubawa, da gyara shafukan bayani da suka tsufa, da amsa wa wanda ya aiko ƙorafi cikin fushi kamar ya biya wani abu. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke fitowa a hoto, kuma babu wanda ake ba riga saboda shi.

Shi kansa babban shafin OpenStreetMap abin dubawa ne. Waɗanda suka yi rajista sun haura miliyon 10, amma masu taɓa taswirar cikin wata ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, masu riƙe da makullan kwamfutocin da masu amincewa da gyaran manhajar shafin kuwa ƴan tsiraru ne. Gidauniyar da ke kula da aikin an kafa ta a Ingila a shekara ta 2006, mutum 7 ne ke jagorancinta, ba su da albashi. Har zuwa 2022 masu aikin sa kai ne ke renon kwamfutocin, da dare ko ranar hutu bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. A wannan shekara ce aka ɗauki ma'aikaci na farko domin wannan aiki, shekara 18 bayan farawa. Ranar 15 ga Disamba 2024 kayan kamfanin da ke haɗa kwamfutocinsu na Amsterdam da intanet suka lalace. Na ƴan kwanaki taswirar ta zama ta kallo kawai, babu mai iya ƙara layi ko ɗaya, daga Tokyo har Bobiyel. Abin da ya hana ta ɓacewa gaba ɗaya shi ne akwai kwafi na biyu a birnin Dublin, kuma akwai fiye da mutum guda da ya san yadda ake juya aikin can. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma wani asusun gwamnatin Jamus ya ware Yuro 384.000, wato kimanin sefa miliyon 250, domin gyaran manhajar shafin. Jamusawan ba sadaka suka yi ba. Sun lura ne ma'aikatunsu da kamfanoninsu na shan ruwan rijiyar.

In babba mai miliyoyin masu rajista yana tsaye kan kafaɗar mutane kaɗan haka, ƙananan shafuka na gida fa? Kulob na ɗalibai, ƙungiyar masu rubuta manhaja, ƙungiyar unguwa, har da wasu ma'aikatun gwamnati, labarinsu kusan ɗaya ne. Yaro guda mai ƙwazo ya ce shi zai yi. Ya kama sunan shafin da sunansa, ya biya da katin banki na wani yayansa da ke Faransa, tunda kamfanonin waje ba sa karɓar kuɗi a hannu, ya ajiye kalmar sirri a kansa, ya ɗora adireshin wasiƙarsa a matsayin wurin da za a aiko tunatarwa. Kowa ya yaba. Shekara biyu ya samu gurbin karatu a Maroko ko Turkiyya, ko ya samu aiki a wata ƙungiyar agaji a Difa, ko ya yi aure. Wasiƙar tunatarwa ta zo sau uku babu mai buɗewa. Wata safiya sai a tarar shafin ya koma tallan caca da wani harshe, ko farin fili. Kuɗin da aka kasa biya bai wuce jika goma zuwa goma sha biyar ba a shekara. Ba talauci ne ya kashe shafin ba, kuma yaron bai ci amanar kowa ba: an ɗora masa kaya shi kaɗai, kowa ya ji daɗi, shi ma ya ji daɗin zama wanda ba a yi sai da shi.

Kada a ce halin mutanen nan ne. A watan Yuli na 2009 masu aikin CentOS, wata manhaja da dubban kamfanoni a duniya ke tafiyar da kwamfutocinsu da ita a lokacin, sai da suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cigiyar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa aikin, Lance Davis. Shi kaɗai ke riƙe da sunan shafin, shi ke riƙe da asusun gudummawa, ga shi ya daɗe ba ya amsa kira. Da wasiƙar ta bazu ya bayyana cikin ƴan kwanaki ya miƙa sunan. Da a ce rasuwa ya yi, ko ya ƙi, da aikin mutane da yawa na shekaru ya rataya a hannun magada ko alƙali.

Wani haɗarin kuma sakaci ne da ƙofa. Ranar 20 ga Fabrairu 2016 ɓarayi suka shiga shafin Linux Mint, suka sauya hanyar da jama'a ke bi su sauke manhajar, suka karkata ta zuwa wata gurɓatacciya da suka dasa wa kafar leƙe. Manhajar ta asali lafiyarta lau, allon da ke nuna hanya ne aka juya. Wanda ya sauke a wannan rana ya shigo da ɓarawo gidansa da hannunsa, yana ganin daga masu amana ya karɓa. Darasin ajiya kuwa ƴan kasuwar Yamai ba sa bukatar malami. Dattawa suna tuna gobarar Babbar Kasuwa ta 1982, da shekarun da aka yi ana rakuɓe kafin a buɗe sabuwa a 1987, kuma sun san wanda ya tashi da wuri shi ne wanda ba duka hajarsa ke rumfa ɗaya ba. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg, inda ɗimbin shafuka na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke haya. Shafuka kimanin miliyon 3,6 suka ɗauke. Masu kwafi a wani gari sun dawo. Waɗanda kwafinsu ke cikin wannan harabar sun rasa uwa da riba.

Wani zai ce ai magani ya samu, a raba makulli ga duk wanda ya miƙo hannu. Labarin xz ya isa ya sanyaya wannan zumuɗi. Ƙaramar manhaja ce mai matse bayanai, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux, wato galibin waɗanda ke ɗauke da shafukan duniya. Wani ɗan ƙasar Finlan, Lasse Collin, shi ya riƙe ta shekara da shekaru, kusan shi kaɗai, babu albashi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, ya riƙa kawo gyare-gyare masu kyau, ba ya gajiya, ba ya neman komai. Wasu sunaye kuma suka taso suna matsa wa Collin, suna cewa aiki ya tsaya, in ba zai iya ba ya ba wani. Mutum ya gaji, ga mai taimako a kusa, sai ya ba shi hannu. Jia Tan ya yi haƙurin fiye da shekara biyu, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 ya dasa ɓoyayyar ƙofa wadda da ta bazu da ta ba shi ikon shiga kwamfutoci marasa adadi. Wani Bajamushe injiniya a Microsoft, Andres Freund, shi ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar rabin sakan fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi, ya fallasa ranar 29 ga Maris 2024. Rabin sakan ne ya tsaya tsakanin bankunan duniya da wani mutum da masu aikin ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Alhazan kasuwa za su gane wannan labari tun kafin a ƙare shi. Babu mai ba yaro makullin mangaza ranar da ya zo. Da shara yake farawa, sai ɗaukar kaya, sai awo, sai aljihun tebur, kuma duk tsawon lokacin an san gidan ubansa. A fataucin goro na da, baƙon da ya sauka gari ba ya samun bashi sai fatomansa ya tsaya masa, in ya gudu fatoma ne zai biya. Manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja da suka daɗe sun isa ga wannan tsari ta hanyarsu. Debian, wadda ta fara a 1993 kuma take zaɓen shugabanta kowace shekara, ba ta ba sabon shiga cikakken iko sai na ciki sun tsaya masa, an ga aikinsa na wani lokaci, kuma shekara da shekaru al'adarsu ita ce a haɗu da shi ido da ido a duba takardar shaidarsa. A ayyuka da yawa kuma, abin da wani ya rubuta sai wani ya duba kafin ya shiga. A wannan fage matasan Yamai sun fi na Turai sa'a, in za su lura: masallaci ɗaya suke salla, fada ɗaya suke shan shayi, kowa ya san kawun kowa. Amanar da wasu ke nema da lissafi da sa hannu, su sun tashi sun tarar da ita a ƙofar gida. Abin da ya rage musu rubutu ne.

Ƙasar nan ta taɓa biyan kuɗin wannan karatu sau biyu. Zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta dasa itatuwa, kuma masu kewar lokacin suna da hujja. Amma bayan sarkin samari akwai suferefe, bayan suferefe akwai soja, da aka sauke sandar bayan Taron Ƙasa na 1991 sai aikin ya bi ta. Masu taswira ba su da sanda, kuma ba a fatan su samu. Karatu na biyu ya fi kusa da su. Tsakanin 1981 da 1990, shekarun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ruwan sha, an kafa famfuna a ƙauyuka da kuɗin masu ba da agaji, minista ya zo ya yanke ƙyalle, ba a jima ba da yawansu suka tsaya saboda wata ƴar roba da ba a san mai sayen ta ba. Daga nan aka koyi kafa kwamiti, da ma'aji, da asusu, da mai gyara da aka horar, da ɗan abin da ake biya kan tulu. Inda kwamitin ya zama na suna, kuɗi a aljihun mutum guda babu littafi, famfo ya sake mutuwa. Inda ake zama duk wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ruwa ya ci gaba da zuwa. Shafin intanet famfo ne da ba a ganin tsatsarsa.

Ma'aikatan gwamnati suna cikin masu sha, ko sun sani ko ba su sani ba. Alƙaluman da asibitocin gunduma ke aikawa ma'aikatar kiwon lafiya suna bi ta DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta. Masu aikin filaye, da ruwa, da gandun daji, da yawansu QGIS ce a kwamfutarsu, babu kuɗin lasisi. Cin bulus kuwa ba Nijar ta fara shi ba: a watan Afrilu na 2014, da aka gano wata babbar kafa cikin OpenSSL, kwaɗon da bankuna da manyan kamfanoni ke kulle sirrinsu da shi, sai aka ji gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce dalar Amurka 2.000 ba. Abin da hukuma za ta yi a nan bai kai kuɗin taron ƙara wa juna sani guda ba. Jerin lakkol, da asibitoci, da famfunan unguwa, tare da inda kowanne yake, yana kwance cikin durowar ofisoshi. Takarda ɗaya mai sa hannun darekta, mai cewa an yarda a ɗora shi kan taswirar kowa, ta isa. Shugaban sashe na iya ba ƙwararrensa rabin yini a wata ya gyara abin da ya shafi aikinsu, a lissafa masa shi cikin aiki. Kuma duk lokacin da wani furoje zai buɗe wa ma'aikata shafi, a tambaya tun ranar farko da sunan wa aka kama shi, kuma wa zai biya shekarar da furojen ya naɗe tabarmarsa. Wannan tambaya ba ta da daɗin yi gaban mai ba da kuɗi, shi ya sa ake tsallake ta.

Ɗan kasuwa nasa ya fi sauƙi. Kantinsa ne, shi ya fi kowa sanin ranar da ya tashi da lokacin da yake rufewa don Juma'a, kuma yaronsa mai waya na iya gyara wannan cikin minti biyar. Taswirar tana karɓar suna da Hausa da Zabarmanci kusa da na Faransanci, ta yadda Yamai za ta zauna tare da Niamey, Damagaram tare da Zinder, in an samu mai rubutawa. Wanda Allah ya hore wa hasken rana a shagonsa na iya ba yara kusurwa da tebur ranar Asabar, lokacin da wuta ke wasa da mutane. Kuɗin sunan shafi na shekara bai kai abin da ake liƙa wa maroƙi a biki ɗaya ba. Amma mai bayarwa ya nemi abin da zai nema wurin uwar adashe: ya ga littafi. A ciki a rubuta ranar da haya ke ƙarewa, da mutum uku da ke riƙe da makulli, da inda kwafi yake, da sunan mai duty na wannan wata da na wata mai zuwa, domin wanda ya gaji ya iya cewa ya gaji ba tare da shafin ya faɗi tare da shi ba.

Gidauniyar OpenStreetMap tana da wata ƙa'ida da ta dace matasan Bobiyel su sani. Zama memba, mai ƙuri'a wajen zaɓen mutum bakwai ɗin nan, fam 15 na Ingila ne a shekara, kuma biyansa daga Yamai na iya fin kuɗin kansa wuya. Tun 2020 aka buɗe wata ƙofa: wanda ya taɓa taswirar a ranaku 42 dabam-dabam cikin kwana 365 da suka wuce yana iya neman zama memba kyauta. Ranaku ake ƙirgawa, ba yawan gidaje ba. Wanda ya zana gida dubu ranar gayya an rubuta masa kwana ɗaya. Wanda ya fita da yamma ya ga farmasi ta tashi, ya dawo ya matsar da ɗigonta, shi ma kwana ɗaya. Kwana 42 bai kai rana guda a kowane mako ba, kuma in shekara ta zagayo sai a sake ƙirga na bayanta.